Tambaya: ER mai kaushi da mai santsi, abu ɗaya ne ko biyu?

Ɗalibar kimiyya:
Salamu alaikum, malamai. Endofilasmik retikulam, wato ER, wannan tantanin da ke cikin ƙwayar halitta, ya ɗaure min kai. A zane ana nuna mai kaushi daban, mai santsi daban. Shin rabe suke? Kuma ta yaya furotin ke sanin can zai nufa?

Malamin bayoloji:
Wa alaikumus salam. Abu ɗaya ne, 'yar'uwa: tantani ɗaya, kogo ɗaya, kuma a haɗe yake da tantanin waje na cibiyar ƙwayar halitta. Kaushin nan raibosom ne, wato ƙananan injinan haɗa furotin, maƙale a jikinsa, kuma ba zaman dindindin suke ba. A ruwan ƙwaya raibosom ke fara saƙa furotin. Idan amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 15 zuwa 30 na farko alamar ER ce, sai SRP, wato mai gane wannan alamar, ya cafke ta, ya dakatar da saƙar, ya ja raibosom zuwa ƙofar da ke jikin ER, mai suna Sec61. Ta nan ake zura furotin ciki, a yanke alamar, a liƙa masa reshen sukari 14 a kan amino asid mai suna asfarajin.

Mai binciken furotin:
Malam ya tsaya daidai inda rigimar take. Sai furotin ya naɗe daidai ake barinsa ya wuce zuwa Golgi, sashen da ke tace furotin yana aika shi inda zai je. Wasu furotin mataimaka, BiP da kalneksin, su ke riƙe shi har ya naɗu. Wanda ya gagara, a fitar da shi, a yi masa tambarin yubikwitin, wato alamar a lalata shi, furotiyasom, injin rusa furotin, ya niƙe shi. Tsananin nan kan yi ɓarna: a cutar sistik faibrosis, amino asid ɗaya tak, na 508, ke ɓacewa daga CFTR, furotin da ke zama ƙofar wucewar gishiri a tantanin ƙwaya. Furotin ɗin zai iya ɗan taɓuka aiki, amma ER ba ya sakinsa, sai majina ta yi kauri a huhu.

Mai harhaɗa magunguna:
Kada a raina mai santsin. Nan ake ƙera kitsen tantani da homon irin su testosteron. A hanta, enzayim ɗin P450 da ke cikinsa ke narkar da magunguna. Shan fenobabiton, wani maganin farfaɗiya, na kwanaki kan sa mai santsin ya yaɗu sosai, har wasu magungunan su riƙa ƙarewa da wuri a jini.

Malamin bayoloji:
Haka ne. A tsoka kuma mai santsin ne rumbun kalsiyam. Ya saki, tsoka ta ɗaure. Famfon SERCA da ke jikinsa ya mayar da shi ciki, kalsiyam biyu kan ATP ɗaya (makamashin ƙwaya), tsoka ta saki jiki.