Siket ɗin 'yan rawar bale: yaushe ya koma ɗan guntu haka?

Ummi_Zane:

Salam jama'a. Dan Allah masu sanin tarihin sutura ku taimaka min da wani abu da ya ɗaure min kai. Ina kallon zanen Edgar Degas, mai zanen nan ɗan Faransa, na 'yan matan rawar bale (ballet, rawar dandamali ta Turawa) na shekarun 1870, naga siket ɗinsu yana kaiwa gwiwa, ya buɗe ya zubo ƙasa, amma wanda muke gani yanzu a bidiyo wani ɗan guntu ne a miƙe kamar faranti a ƙugu, ƙafa duk a waje, kuma dukansu naji ana ce musu tutu. To wanne ne na asali? Kuma meyasa kusan kullum fari ne? Sannan da wane yadi ake yinsa a wancan zamanin tunda ai babu nailan lokacin. Nagode.

Malam_Tarihi:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Dogon shine ya riga, kuma ma na farkon yafi na Degas tsawo, har tsakiyar ƙwauri yake kaiwa. Inda masana suka fi ɗauko labarin shine ranar 12 ga Maris 1832 a gidan Opera na Paris, da Marie Taglioni ta fito a rawar La Sylphide wadda mahaifinta Filippo Taglioni ya tsara. Mai zane Eugène Lami ake jingina wa fasalin kayan: riga mai kama jiki, kafaɗa da wuya a buɗe, wasu 'yan fukafukai a baya, sai farin siket shara-shara hawa-hawa mai siffar ƙararrawa.

Dalilin tsawon nan kuwa ƙafa ce. Taglioni tana cikin na farko da suka mayar da tsayawa a kan yatsun ƙafa ya zama fasaha ta gaske, to in siket ya rufe idon sawu wa zai ga wahalar da take sha? dole a ɗage shi. Kuma ba ita ta fara wannan faɗan ba, tun wajen 1730 Marie Camargo ta rage tsawon nata ya bar idon sawu a waje don aga yadda take kaɗa ƙafa a sama, a 1734 kuma Marie Sallé ta fito a Landan da rigar muslin sakakka ba wannan katon kejin da matan fada ke sawa a ƙugu.

Batun fari kuma labarin ne ya kawo shi. A La Sylphide ita ba mutum bace, wata halitta ce ta iska da ta ruɗi wani saurayi ɗan Scotland ana gab da bikinsa. A Giselle ta 1841, wadda Carlotta Grisi ta fara takawa, kashi na biyu gaba ɗaya fatalwowin 'yan matan da suka mutu kafin aure ne a daji cikin dare. Tun 1822 gidan Opera ya fara amfani da fitilar gas, ita kuma ana iya rage ta a ƙara, ba irin kyandir da fitilar mai ba, sai a rage haske ya koma kamar farin wata, 'yan mata su jeru cikin farin yadi mai shara-shara, mai kallo yaga kamar hazo ne ke yawo. Abin ya karɓu sosai har ya zama kamar yunifom. Amma ba duka bane fari fa, kishiyar Taglioni a dandamali wato Fanny Elssler a 1836 da rigar Sifaniyawa ta satin ruwan hoda da baƙin leshi ta tashi kan mutanen Paris.

Anti_Mai_Almakashi:

Malam yayi bayani, bari in ɗan ƙara ta ɓangaren yadi tunda nan ne nawa. Ƙanwata, abinda suka fi amfani dashi shine muslin da wani yadin auduga mai saƙar raga-raga da ake kira tarlatan, ana dafka masa sitati ya tsaya ƙyam, shine a ciki yake ɗaga siket ɗin, sai a ɗora mai laushi a sama. Net kuma, wanda suke cewa tulle da sunan wani gari a Faransa, da da hannu ake yinsa tsada kamar me, sai da John Heathcoat a Ingila ya ƙera injin saƙa shi wajen 1808 zuwa 1809 sannan ya wadata, na siliki ko na auduga. Matsalar sitati kinsan halinsa, ana gumi ana zama a kai sai ya saki ya yi laƙwas, shiyasa kullum cikin sabunta hawan ciki ake.

Amma wlh abinda yafi tsaya min a rai a tarihin nan wuta ce. Ki haɗa lissafin da kanki, yadi mai iska a tsakani hawa kan hawa, busasshe da sitati, ga fitilun gas harshen wuta a buɗe a jere a bakin dandamali da gefe-gefe daidai tsawon siket. Clara Webster a gidan wasan Drury Lane na Landan a 1844 kayanta suka kama a gaban 'yan kallo, kwana kaɗan ta rasu. Wadda tafi ban tausayi Emma Livry ce, ɗalibar Taglioni da kanta, Taglionin ce ma ta tsara mata rawar Le Papillon a 1860. A Nuwamba 1862 ana gwaji a gidan Opera siket ɗinta ya taɓa fitilar gas, ta ƙone sosai, tayi wata takwas tana jinya ta rasu a Yuli 1863 tana da shekara 20.

Abin haushin kuma akwai maganin. Tun 1859 doka ta fito a Faransa cewa a jiƙa kayan wasa da wani sinadarin hana kama wuta na wani Carteron, amma sinadarin yana sa yadi yayi tauri ya dafe, farin ya mutu, sai 'yan rawa da yawa suka ƙi, ita Livry har takarda ta sa wa hannu cewa ta ɗauki alhakin duk abinda ya same ta. Mutane na cewa taurin kai ne, ni dai ban ga laifinta sosai ba, yarinyar da duk abincinta yana kan ta fito kamar iska ce ka bata siket mai kama da tsumma? Masu gidan ne ya kamata su sa wa fitilun kariya. Guntayen kayan da ta ƙone a ciki har yanzu suna ajiye a gidan tarihin Opera na Paris.

Dan_Gaskiya77:

Ni fa Malam ban yarda duka saboda fasahar ƙafa bane, mu faɗi gaskiya. Louis Véron da ya karɓi gidan Opera a 1831 ɗan kasuwa ne, shi ya buɗe wa masu kuɗin da ke biyan kujera ta shekara ƙofar ɗakin da 'yan rawa ke motsa jiki a bayan dandamali, kuma yawancin yaran nan 'ya'yan talakawa ne. Ummi ki koma ki duba zanen Degas ɗin da kyau zakiga maza da baƙar kwat da doguwar hula a raɓe a gefe, ba rawa suka zo koya ba. Har ta kai a Paris an ture maza 'yan rawa gefe, a Coppélia ta 1870 mace ce Eugénie Fiocre ta fito a matsayin saurayin. To wanda yake biya shi yake faɗin tsawon siket.

Malam_Tarihi:

Ɗan uwa maganarka akwai ƙamshin gaskiya, ba wanda zai musa abinda ke faruwa a bayan dandamalin Paris. Amma duba, in da sha'awar masu kuɗin Paris ce kaɗai da a can siket ɗin zai fi gajarcewa, sai gashi daga Italiya abin ya taso. Makarantar La Scala ta Milan ce ta riƙa fitar da 'yan mata masu ƙarfin ƙafa da juyi, masu yin takalma a can kuma suka ƙara wa bakin takalmin tauri da faɗi, don na Taglioni silifa ne kawai na satin da aka yi wa ɗinki a baki da gefe, baya ɗaukar nauyi, ɗan ɗagawa take ta sauko. Virginia Zucchi taje St. Petersburg a 1885 ta nace sai da siket ɗinta gajere na Italiya. Carlotta Brianza ce ta fara taka gimbiya a Sleeping Beauty ta mai tsara rawa Marius Petipa da mai kiɗa Tchaikovsky a 1890 a gidan Mariinsky na can St. Petersburg, shugaban gidajen wasan sarki Ivan Vsevolozhsky da kansa ya zana kayan, kuma nan launuka ne da kwalliya ta fada, ba farin fatalwa ba. Sai Pierina Legnani da juyinta 32 a jere kan ƙafa ɗaya a 1893, ta maimaita a Swan Lake 1895. Wannan juyin da dogon siket ai sai ya naɗe miki ƙafa, kuma namijin da ke riƙe ƙugunki yana juya ki yana buƙatar wajen sa hannu.

Amma Ummi ki lura, ko na 1890 ɗin in kika ga hotunansu saman gwiwa kaɗan yake tsayawa kuma yana ɗan zubowa. Wancan miƙaƙƙen na bidiyo ɗin ki a ƙarni na 20 ya kai haka.

Ummi_Zane:

Kai nagode sosai Allah ya ƙara ilimi, labarin Emma Livry ɗin nan ya taɓa ni wlh. Anti dan Allah shi miƙaƙƙen me yake riƙe shi baya faɗuwa, sitati ne shima?

Anti_Mai_Almakashi:

A'a yanzu net ne mai tauri na nailan. Akan ɗan wando ake ɗinka shi hawa-hawa da tattara, wajen hawa 10 zuwa 12, na ƙasa shine mafi gajarta kowanne na sama ya ɗara shi kaɗan, a tsakiya a zura waya zagaye cikin hawa ɗaya, sannan a bi da zare da hannu a ɗan kama hawan da juna don kar su rabu. Akwai kuma mara waya mai laushi da mai ɗinkin kayan wasa Barbara Karinska ta yiwa mai tsara rawa George Balanchine a New York a 1950. In zaki ajiye mai wayar kar ki rataye shi a daidai, ki kife shi kai ƙasa ko ki kwantar dashi, in ba haka ba zai saki.