Alwatika a burs (kasuwar hannun jari): ilimi ne ko duba?

Issoufou: Salamu alaikum jama'a. Ni dai na ce in kun ga alwatika mai hawa a zanen farashin hannun jari, layin sama a kwance, na ƙasa kuma yana hawa don duk faɗuwar da farashi ya yi bai kai ta baya ba, to masu saye ne suka matsa ma masu saidawa, tashi zai yi ba makawa

Alhaji Mamane: Ba makawa kuma? Ɗana wannan ai duba ne, mai bugun ƙasa ma layi yake ja a rairayi 😂

Issoufou: Haba Alhaji, da lissafi fa. Ka auna faɗin bakin alwatikar, misali daga 2000 zuwa 2500 sefa, in ya fasa layin sama sai ka ƙara 500 ɗin nan, ka sa ran 3000

Hadiza: Ni na bi lissafin nan bara a hannun jarin wani banki, ina zaune a shagona nan Yamai na ga ya fasa sama na zuba jikka 300, kwana uku ya koma ƙarƙashin layin kamar bai taɓa fita ba, har yau ina jiran uwar kuɗina

Issoufou: Hajiya kin duba yawan cinikin ranar? In ya fasa babu ciniki mai yawa tarko ne

Hadiza: Yanzu kake faɗi, ɗazu ba makawa ka ce

Abdou Tawa: To ai nan gizo ke saƙa. Littattafan da kuke karantawa da kasuwar Amurka aka rubuta su, mu kuwa BRVM, kasuwar hannun jari ta Abidjan, muke, ƙasashe 8 kasuwa guda, in ka cire irin su kamfanin waya Sonatel akwai hannun jarin da ciniki kaɗan ake yi a wuni, mutum ɗaya mai kuɗi ya isa ya fasa maka layin, ga kuma ƙa'idar farashi ba ya wuce 7,5% a rana sama ko ƙasa. Sannan ranar da aka cire rabon riba farashi sauka yake yi, mai bin zane sai ya ce alwatika ta fashe ƙasa ya saida da asara

Alhaji Mamane: Yawwa. Ni albasar Galmi na sani, lokacin cira ta faɗi, ka ajiye a rudu wata huɗu ta tashi, ba ni buƙatar layi

Issoufou: Alhaji wannan ma ai zane ne, a kanka kawai yake

Hadiza: Issoufou ka fara maido min jikka 300 tukuna