Waɗanda suka yi karatun kula da numfashi a kwalejin al'umma a Amurka, ku ba mu labari

Maman Biyu, Columbus

Assalamu alaikum 'yan uwa. Aikin kula da tsofaffi nake yi a gidajensu, kuma albashin ya tsaya wuri ɗaya, kaya kuwa kullum tashi suke. Ina so in shiga karatun kula da numfashi, wanda ake ce wa masu yinsa RT, wato ma'aikatan asibiti masu kula da marasa lafiyar da numfashi ke yi wa wahala, a kwalejin al'umma da ke kusa da mu. An ce mini shekara biyu ne kuma kuɗinsa da sauƙi. Yarana biyu ne, maigida kuma babbar mota yake tuƙawa, ba kullum yake kwana gida ba. Don Allah wanda ya bi ta hanyar nan ya faɗa mini gaskiya, da daɗinta da ɗacinta.

Ɗan Zango, Bronx

Wa alaikumus salam Maman Biyu. Ki fara cire maganar shekara biyun nan daga ranki. Shekara biyu daga ranar da aka ɗauke ki a cikin shirin ne. Kafin nan akwai darussan share fage: anatomi da fiziyoloji kashi na ɗaya da na biyu, maikurobayoloji, kemistiri, lissafi da Turanci. Ni ina tuƙa tasi ina yinsu ɗaya bayan ɗaya, suka ci mini fiye da shekara. Gaba ɗaya ki lissafa uku, in ma da jiran layi ki ƙara.

Shiga kwalejin ba wuya, kusan kowa ana ɗauka. Shiga shirin RT ɗin ne ake gasa, domin kujerun ba su da yawa, asibitocin da ake tura ɗalibai ba sa iya ɗaukar taro. Makinki na anatomi shi ake fara dubawa. Wasu makarantun kuma sai kin rubuta jarrabawar shiga karatun fannin lafiya, TEAS ko HESI.

Na zo da takardun makaranta daga Kumasi, na biya WES, masu tantance takardun karatun ƙasashen waje, suka tantance su. An karɓi wasu, amma na kimiyya aka ce sun tsufa, sai na sake. Makarantu da yawa ba sa karɓar darasin kimiyya da ya wuce shekara biyar zuwa bakwai. Kafin ki biya ko sisi ki tabbata hukumar CoARC, mai tantance shirye-shiryen karatun RT, ta amince da shirin. In ba ta amince ba, ba za a bar ki ki zauna jarrabawar ƙasa ba, kin yi aikin banza ke nan.

Hajiya Babba, Maryland

Ƙanwata, kuɗin makaranta ba shi ne abin tsoro ba. A kwalejin al'umma, in kina zaune a yankin, matsakaicin kuɗin shekara bai wuce kusan dala 4,000 ba, kuma mai girin kad ko ɗan ƙasa yana iya cika FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, ya nemi tallafin Pell, wanda ba bashi ba ne. Ni Pell ya biya mini mafi yawan nawa. Littattafai da yunifom da kuɗin binciken tarihin mutum da gwajin ƙwaya, waɗannan daga aljihu ne.

Lokaci ne mai tsada. Da aka fara tura mu asibiti, kwana biyu a mako muke yi, awa 12 kowace rana, daga bakwai na safe zuwa bakwai na yamma, kuma ba a biyanki ko kwabo. Sauran kwanakin aji ne da ɗakin gwaji. Asibitin da aka tura ni da nisa, duhu nake fita duhu nake dawowa. Dole na bar aikin cikakken lokaci na koma na Asabar da Lahadi, gidanmu ya ji a jikinsa sosai. Ba a wasa da fashi a kilinikal, wato wannan horon na asibiti, a makarantarmu in kin rasa kwanaki kaɗan sai a ce ki sake zangon gaba ɗaya, kuma yaro ba ya shawara da kowa kafin zazzaɓi ya kama shi.

Saboda haka tun yanzu ki zaunar da maigidanki ku yi magana ta gaskiya. Ki nemi mutum biyu, ba ɗaya ba, da za su iya karɓar yara ƙarfe biyar da rabi na asuba. Matan da na ga sun bar karatun nan a ajinmu kansu yana ja, rashin mai riƙe musu yara ne ya fitar da su. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Mai Gemu, Houston

Bari in kawo abin da ya shafe mu Musulmi, don ba wanda zai faɗa miki a ofishin ɗaukar ɗalibai.

Na farko, gwajin tarin tibi. Yawancinmu da aka haifa a Najeriya ko Nijar ko Gana an yi mana allurar BCG muna jarirai, ga tabon nan a dantse. Wannan allurar tana iya sa gwajin fata ya kumbura alhali lafiyarki lau. Nawa ya kumbura, aka tura ni hoton ƙirji, hankalina ya tashi ba dalili. Ki nemi gwajin jini tun farko, irin su QuantiFERON, shi BCG ba ta ruɗa shi.

Na biyu na maza ne, amma ki faɗa wa 'yan uwanki. Kafin a shiga asibiti ana gwada wa kowa takunkumin N95 a ga ko ya manne da fuska, gemu kuwa yana hana shi mannewa. A wani asibiti aka ce mini in aske ko in koma gida. Na je wurin shugabar shirinmu na yi mata bayani cikin ladabi cewa addini ne. Ita ta nemo mini PAPR, wata hula mai rufe kai duka da ke da ɗan inji a ƙugu yana hura iska mai tsafta, wadda ba ruwanta da gemu. Ba kowane asibiti ke da su da yawa ba, don haka a yi maganar tun kafin a raba wurare.

Sallah kuma ban taɓa samun wanda ya hana ni ba. Kusan kowane babban asibiti yana da ɗakin ibada. Azumi ne da wuya in ya faɗo a rani, ga tafiya daga bene zuwa bene. Dabino nake sakawa a aljihu, in lokaci ya yi in sha ruwa a tsaye.

Hajiya Babba, Maryland

Hijabi ba matsala, Maman Biyu. Ki sayi ɗan ƙarami na sanyawa wanda ba ya bukatar fil, ki cusa shi cikin wuyan riga don kada ya taɓa marar lafiya in kin sunkuya. A ɗakin tiyata kawai aka taɓa ce mini in rufe shi da hular asibiti.

Ɗalibar shekara ta biyu, Minneapolis

Anti, ni ina ciki yanzu. Zangon farko da sauƙi: iskar oksijin, nebulaiza, yadda ake sauraron ƙirji. Inda mutane ke faɗuwa shi ne karatun gas ɗin jini, wato gwajin da ke auna iskar da ke cikin jini, da na bentileta, injin da ke yi wa marar lafiya numfashi. Lambobin nan sai sun zauna a kanki kamar Fatiha: pH daga 7.35 zuwa 7.45, iskar da jiki ke fitarwa daga 35 zuwa 45, bayikabonet daga 22 zuwa 26. Haddar ba ta wadatarwa, malami zai ba ki sakamako ya ce to me za ki canja a injin, ki ƙara yawan numfashi ko ki ƙara girmansa. Girman numfashin ma da tsawon mutum ake lissafa shi, mililita 6 zuwa 8 a kowane kilo na nauyin da ya dace da tsawonsa, domin huhu ba ya girma don mutum ya yi ƙiba. A makarantarmu wanda ya samu ƙasa da 75 ya faɗi.

Ranar da na fara ɗiban jini daga jijiyar wuyan hannu ba zan manta ba. Wani dattijo ne mai ciwon huhu na shan taba. Na naɗe tawul na sa a ƙarƙashin hannunsa, na ɗora yatsu biyu ina jin bugun jijiyar, mai koya mini tana tsaye a bayana ba ta ce uffan ba. Na soka allurar a karkace, sai ga jini ja wur yana hawa sirinjin da kansa ba tare da na ja ba. Na danne wurin minti biyar. Dattijon ya dube ni ya ce hannuna da sauƙi. Da sakamakon ya fito, likita ya sa aka ɗora masa BiPAP, injin da ke tura iska ta takunkumin fuska, kafin la'asar ya dawo hayyacinsa yana neman abinci. Tun daga ranar na daina tambayar kaina ko na zaɓi daidai.

Ki shirya wa majina da kaki. Zuƙe su daga bututun makogwaro aikinmu ne na kullum. Makon farko na kasa cin abincin rana, yanzu ko a jikina.

Tsohon hannu, Chicago

'Yata, na daɗe a aikin nan, kuma akwai abu guda da nake so duk mai shigowa ya sani tun daga waje. RT yana wurin duk lokacin da rai ke tsakanin tafiya da zama. In zuciya ta tsaya aka buga ƙararrawa, ke ce a wajen kai kina matsa jakar iska. In an haifi bakwaini, ke ce. Kuma in iyali da likitoci suka yanke shawarar a cire wa mutum injin, hannun RT ne ke cire bututun.

Ina ɗalibi na fara ganin haka, ranar da aka cire wa wata mata. Mai koya mini ya kashe ƙarar injin tukuna don kada ta firgita iyalin, ya zuƙe majinar, ya sace iskar balan-balan ɗin da ke riƙe bututun, ya zare shi a hankali, ya goge wa matar baki da tawul mai ɗumi. 'Ya'yanta suna riƙe da ƙafafunta. Na koma gida na kasa barci, ina tunanin ko wannan ya halatta gare ni. Na je wurin limaminmu, shi ya nuna mini cewa Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman a 1986, ta yanke cewa wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu gaba ɗaya, likitoci masana suka tabbatar ba dawowa, ana iya cire masa na'ura. Amma ba duk wanda ake cire wa ne ƙwaƙwalwarsa ta mutu ba, wasu iyali ne suka ga magani ya daina amfani. Wannan ki zauna da malamin da kika yarda da iliminsa ku tattauna kafin ranar ta riske ki a bakin gado.

A 2020, lokacin korona, na ga abin da ban taɓa gani ba, muna kifa marasa lafiya a kan cikinsu don huhu ya buɗe, injina ba sa isa. Wasu abokan aikina sun bar sana'ar bayan nan. Ni na zauna, kuma ina son aikina. Mutum ya shigo yana haki kamar zai tafi, bayan kwanaki ki zare masa bututu ya yi tari ya kira sunan matarsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Nas ɗin dare, Atlanta

Ku yi haƙuri, ni zan saba da ku kaɗan. Na yi darussan share fage da niyyar RT, daga baya na juya zuwa aikin jinya, don darussan kusan ɗaya ne. Nas tana da ƙofofi da yawa: makaranta, gidan tsofaffi, ofishin likita, ƙarin karatu har ta kai tana rubuta magani. RT yawanci asibiti ne, da dare da ranar Sallah. Sannan in kina tunanin komawa gida wata rana, a asibitocin Najeriya da na sani nas da likita ne ke yin wannan aikin, ba gurbin RT.

Ɗan Zango, Bronx

Gaskiya ne Anti, amma ba kowa ke son abin da nas ke ɗauka ba. Ni na fi son in san abu ɗaya ciki da waje. Albashin ma ba laifi, ƙididdigar gwamnatin Amurka ta 2023 ta nuna matsakaicinsa dala 77,960 a shekara, kodayake sabon shiga ba daga nan yake farawa ba. Akwai kuma ɗakin gwajin barci da na gwajin ƙarfin huhu ga mai son aikin da ba gudu. A Gana kuwa Jami'ar Gana tana koyar da fannin har matakin digiri.

Malamin kilinikal, Cleveland

Maman Biyu, tunda a Ohio kike, wannan ya shafe ki kai tsaye. Gama makaranta ba ya ba ki lasisi. Hukumar NBRC, mai ba masu wannan sana'a takardar shaida ta ƙasa, ita ke shirya jarrabawa. Ta farko TMC, tambaya 160 cikin awa uku, kuma makin ci biyu gare ta. Wanda ya samu na ƙasa ya zama CRT, wato ƙaramin matakin shaidar. Wanda ya samu na sama ya cancanci ta biyu, CSE, matsalolin marasa lafiya 22 cikin awa huɗu, inda kike zaɓar abin da za ki duba da abin da za ki yi mataki mataki, kuma zaɓin da zai cutar da marar lafiya yana rage miki maki. Wanda ya ci ta shi ne RRT, wato babban matakin. Ohio da Kalifoniya tun 2015 ba sa ba sabon shiga lasisi sai da RRT, saboda haka makin ƙasa ba zai yi miki amfani a nan ba. NBRC ta sanar cewa daga Janairun 2027 za ta koma jarrabawa guda, ke kam ita za ki tarar, amma ilimin da ake nema bai canja ba.

Ɗalibaina 'yan Afirka sun san aiki a bakin gado, abin da ke kayar da su saurin karanta Turancin tambayoyin ne. Ki riƙa yin tambayoyin gwaji da agogo a gabanki tun zangon farko. Ki rubuta jarrabawar da zarar kin gama, kada ki ce sai kin huta.

Ƙungiyar masu sana'ar, AARC, tana so zuwa 2030 sababbin shiga su zo da cikakken digiri. Buri ne, ba doka ba, kuma asibitoci suna ɗaukar masu digirin shekara biyu. Da yawa daga ɗalibaina sun fara aiki, sannan suka ƙarasa digirin ta intanet, asibitinsu yana biya musu wani kaso.

Maman Biyu, Columbus

Allah ya saka muku da alheri, kun buɗe mini ido. Mun yi magana da maigida, ya ce zai nemi tuƙin cikin gari kafin kilinikal ya fara. Tambaya ta ƙarshe: in haɗa anatomi da kemistiri a zango ɗaya don in yi sauri?

Ɗalibar shekara ta biyu, Minneapolis

A'a Anti, kada ki haɗa su tunda kina aiki ga yara. Ki ɗauki anatomi kashi na ɗaya da Turanci ko lissafi, ki sami A, kuma kada ki yi shi a gajeren zangon rani. Ki je ofishin shirin da kanki ki tambayi ranar rufe karɓar takardu, yawanci sau ɗaya ne a shekara, sai ki tsara darussanki daga wannan ranar zuwa baya.