Babur yana mutuwa idan ya yi zafi: famfon mai ne ko wani abu dabam?

Mai babur daga Kaduna:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan wata matsala da ta shafe mako 3 tana damuna. Ina da babur na hannu ƙirar Japan, mai silinda 2 da girman inji cc 650, na shekarar 2009, kuma ba kafireto gare shi ba, injekta ce take ba shi mai. Da safe bugu ɗaya yake tashi, a cikin gari ma ba ya nuna komai, amma da zarar na hau babban titi na yi tafiyar kamar minti 20 sai ya fara shaƙewa, idan na murɗa totur sai ya ja da baya maimakon ya ƙara gudu, daga nan sai ya mutu. Ranar Asabar a daidai Jaji ya mutu mini ina kan hanyar Zariya, na tura shi gindin wata bishiya na zauna, bayan rabin awa na taɓa shi ya tashi kamar babu abin da ya faru.

Na canja fulogi, na wanke filtar iska, babu abin da ya sauya. Makaniken unguwarmu ya ce famfon mai ne, amma shi da bakinsa ya faɗa mini cewa Boxer da Jincheng ya saba gyarawa. Abin da ya sa nake shakka shi ne ina jin ƙarar famfon duk lokacin da na murɗa makulli. Ta yaya zan tabbatar kafin in kashe kuɗi, kuma idan shi ne, ya ake canja shi?

Makanike a Fanteka:

Wa alaikumus salam, Malam. Makanikenka ya kyauta da ya faɗa maka gaskiya, domin baburan da suka cika titunanmu ba su da famfon mai ko kaɗan: tanki yana sama, kafireto yana ƙasa, mai yana gangarowa da nauyinsa. Naka kuwa dole sai an tura mai da ƙarfi kafin injekta ta iya fesa shi, kuma famfon da ke wannan aiki yana zaune ne a cikin tanki, a nutse cikin fetur.

Ƙarar da kake ji ta daƙiƙa 2 zuwa 3 bayan murɗa makulli tana nuna abu ɗaya kawai, wato wuta ta isa famfon kuma yana juyawa a wannan lokacin. Ba ta nuna cewa yana tura mai gwargwadon buƙata ba. Famfon da ya gaji yakan yi aiki da sanyin safiya, amma idan ya ɗauki zafi sai ƙarfinsa ya faɗi, kuma a kan babban titi ne inji ya fi buƙatar mai, shi ya sa ba ka ganin matsalar a cikin gari. Alamunka sun yi kama da haka ƙwarai, sai dai akwai abubuwa biyu masu araha da suke kwaikwayonsa.

Na farko shi ne hanyar iskar tanki. Idan ta toshe, mai yana raguwa amma iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har sai famfon ya kasa zuƙowa. Duk ranar da ya sake mutuwa, ka buɗe murfin tanki nan take ka saurara. Idan ka ji ya ja iska da ƙarfi kuma babur ya tashi ba tare da jiran ya huce ba, to ka huta da sayen komai, tiyon iskar kawai za a busa. Na biyu shi ne toshewar rariyar da ke bakin famfon ko filtar da ke bayansa, wadda take sa lafiyayyen famfo ya yi kamar matacce.

Abin da yake raba gardama shi ne awo. Ka nemi masu gyaran mota da suke da gejin auna ƙarfin mai, su haɗa shi tsakanin tanki da injekta. Yawancin irin waɗannan babura suna aiki ne a kusan ba 3 (ba, wato "bar", ma'aunin ƙarfin turin mai ne, kuma ba 3 daidai yake da kPa 300). Ƙananan Honda masu injekta kPa 294 ne a littafinsu, Suzuki V-Strom 650 kuma kPa 300, amma ka duba littafin gyaran naka domin ainihin adadinsa. A auna da sanyi, sannan a bar inji ya yi zafi sosai a sake aunawa ana murɗa totur, domin awon sanyi kaɗai zai iya ruɗinka. Bayan haka a cire tiyon a sa bakinsa cikin gora mai ma'auni, a ba famfon wuta na tsawon daƙiƙun da littafin ya ƙayyade, a ga yawan man da ya zubo. Na sha ganin famfon da geji ya nuna lafiyarsa ƙalau yana tsaye, amma man da yake zubarwa bai kai rabin abin da ake so ba.

Mai gyaran wayoyin wutar babur daga Kano:

Bayanin Maigida ya gamsar, amma ina roƙon Malam kada ya taɓa tanki sai ya gama da ɓangaren wuta, domin an sha kawo mini babur da sabon famfo a ciki alhali matsalar tana nan yadda take. Rile, wato ɗan akwatin da yake haɗa wa famfon wuta, idan bakinsa ya ƙone shi ma yana yankewa idan ya yi zafi, ya dawo idan ya huce. Idan akwai wani rile mai lamba iri ɗaya a jikin babur ɗin, ka musanya su ka yi tafiya ka gani. Ka zare fiyus ɗin famfon ka duba ƙafafunsa, sannan ka cire soket ɗin da ke ƙarƙashin tanki ka leƙa ciki: idan ka ga tsatsa mai launin kore ko robar ta yi baƙi ta narke, to a nan wutar take ɓacewa.

Ka auna batir da mita, lafiyayye yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji a kashe yake. Daga nan ka auna a soket ɗin famfon, yana haɗe, a cikin daƙiƙun farko na murɗa makulli. Abin da ka samu ya kamata ya yi kusa da na batir, idan kuwa ya gaza da bolt 1 ko fiye, waya ce ko rile ko wayar as (wadda take mayar da wuta jikin ƙarfen babur), ba famfo ba. Kuma lokacin da ya mutu a hanya, ka kashe makulli ka sake kunnawa kunnenka a jikin tanki. Shiru a wannan lokacin yana iya zuwa daga jan maɓallin kashe inji ko na'urar da take yanke mai idan babur ya faɗi, domin dukkansu suna iya hana famfon samun wuta.

Wani mai babur daga Zariya:

Idan ta tabbata famfon ne, ba lallai sai ka sayi dukan kan famfon ba. Ƙaramar motar lantarkin da ke juyawa a cikinsa kaɗai ake canjawa, kuma ni ta famfon wata ƙaramar motar hawa aka sa mini a nawa, shekara guda ke nan ban sami matsala ba.

Makanike a Fanteka:

Ɗan'uwa na Zariya yana da gaskiya a kan canja motar ciki kaɗai, mu ma haka muke yi idan gidan famfon da regileta, wato abin da ke daidaita ƙarfin mai, suna da lafiya. Inda nake taka-tsantsan shi ne batun famfon motar hawa, domin sau da yawa ya fi na babur jan wuta da yawan turi, sai ya riƙa dumama waya da rile, kuma cajin babur ba shi da rarar da na mota yake da ita. Wanda ya dace ya yi sa'a, amma ni nakan tafi kasuwa da tsohon a hannu, in gwada tsawo da kauri da bakin tiyo da ƙafafun waya.

Ga yadda ake aikin, Malam. A yi shi a fili, nesa da janareta da murhu da mai shan taba. Ka cire soket ɗin famfon ka tayar da inji har ya mutu da kansa, domin ƙarfin da ke cikin tiyo ya sauka, in ba haka ba fetur zai feso maka a ido. Ka cire wayar nagatif ta batir, ka zuƙe man tanki, ka sauke tankin ka kifa shi a kan bargo don kada fenti ya karce. Idan ka kwance kusoshin, ka zaro kan famfon a hankali kana karkata shi, saboda siririn hannun da ke auna yawan mai yana lanƙwashewa cikin sauƙi. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka raba komai, musamman wayoyi biyun motar, domin idan aka juya su baya za ta juya.

Abubuwa uku ne masu gaggawa suke tsallakewa. Zoben robar da ke tsakanin famfo da tanki sabo ake sawa, tsoho ya riga ya daskare kuma zai yi yoyo. Guntun tiyon da ke cikin tanki kuma ba kowane tiyon mai ba ne, sai wanda aka yi domin zama cikin fetur, mai alamar SAE J30R10, domin na waje yana kumbura ya yi laushi. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne ka haska tocila cikin tankin. Famfo ba ya cika mutuwa haka kawai. Fetur ɗin da yake bi ta cikinsa shi ne yake sanyaya shi, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane da yawa lita 2 ko 3 suke zubawa, sai famfon ya riƙa zuƙar iska da dattin ƙasan tanki. Tankin da ba a cikawa yana tara raɓa ya yi tsatsa, ga kuma man bumburutu da wani lokaci yake zuwa da ruwa ko ƙasa. Idan ba a wanke tankin ba, abin da ya ci tsohon shi zai ci sabon.

Wajen mayarwa, ka ɗaure kusoshin kaɗan-kaɗan, wannan sannan wanda yake fuskantarsa ta ɗaya gefen, ba a jere ba. Ka zuba mai, ka kunna makulli ka kashe sau 3 ko 4 ba tare da tayar da inji ba, ka shafa hannu a ƙarƙashin tanki ka tabbatar babu danshi.

Mai babur daga Kaduna:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na bi abin da kuka faɗa daki-daki. Buɗe murfin tanki bai sauya komai ba, musanya rile ma haka, kuma wutar da ke isa soket ta yi daidai da ta batir. Da aka sa geji, da sanyi ya tsaya a ba 3, amma bayan inji ya yi zafi sai allurar ta fara sauka, da aka murɗa totur ta faɗi ƙasa da ba 2. Da muka zaro famfon, rariyar da ya kamata ta zama fara ta koma launin jar ƙasa, na matsa ta da yatsa sai ga laka tana fitowa, kuma ƙasan tankin cike yake da garin tsatsa kamar an zuba barkono. Mun wanke tankin har sai da abin da ke fitowa ya yi garau, muka shanya shi, muka sa sabuwar motar famfo irin tasa da rariya da filta da zoben roba. Jiya na je Zariya na dawo bai yi ko tari ba. Tambaya ɗaya ta rage mini, Maigida: tunda tsatsa ta riga ta kama cikin tankin, shin a shafe shi da maganin rufe tsatsa, ko ya isa in riƙa cika shi ina duba rariyar lokaci-lokaci?