Idan aljani ne ya yi kisan, marubuci ya cuci mai karatu?

Malamin Aboabo, unguwa a Kumasi ta Ghana: Salamu alaikum jama'a. Jiya na gama wani labarin bincike. An tsinci gawar ɗan kasuwa a ɗakin da aka kulle ta ciki, ana ta zargin amaryarsa da yaron shagonsa, sai a babin ƙarshe aka ce aljana ce. Ni a wurina wannan cuta ce. Tun 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, ya tsara dokoki goma na irin wannan rubutu, ta biyu ta hana shigo da abin gaibu. Dalilinsa a fili yake, mai karatu yana da haƙƙin gano mai laifi da hankalinsa.

Hajiya mai atamfa, kasuwar Kejetia: Wa alaikumus salam. Malam, Bature ya yi dokarsa ne don mutanensa. Mu sura guda gare mu mai sunan aljanu, ta 72. Wane gida ne a Zango ba a taɓa kiran mai ruƙiya ba? Labarin da ya share su kaf, ba rayuwarmu yake faɗa ba.

Malamin Aboabo: Hajiya, ban musa samuwarsu ba, Allah ya kiyaye. Cewa na yi kada marubuci ya fake da su idan labari ya cije masa.

Ɗaliba a jami'ar KNUST ta Kumasi: Baba Malam, da izininka. Aljanin labaranmu ai yana da ƙa'ida. An san shi da tsamiya da kuka da juji, an san shi da magariba, an san ba a watsa ruwan zafi a tsakar gida ba bisimilla. Idan tun babi na biyu marubuci ya nuna mamacin ya sare tsamiyar bayan gida, tsohuwar maƙwabciya ta yi masa kashedi, kaji suka fara mutuwa, to an ba ni abin da zan bi sawu. Wanda ka karanta bai yi wannan aikin ba. Ragon marubuci ne kawai.

Direban trotro (motar haya), Asawase: Gaskiyar ƙanwata. Ga tafkin Bosomtwe nan kusa da mu. Masana sun ce dutse ne ya faɗo daga sama ya haƙa shi shekara wajen miliyan ɗaya, Asante, 'yan asalin yankin, kuma suna ganinsa wurin da rayuka ke ban kwana, shi ya sa masunta ke hawa guntun katako maimakon jirgin ƙarfe. Ni labarin da ya bar bayanin nan biyu a tsaye nake so, in kwana ina juya shi.

Malamin Aboabo: Wannan na yarda da shi. Amma wanda ya zuba guba a koko, sai a nuna mini shi da hujja.

Hajiya mai atamfa: To ni ga inda raina ke ɓaci, kuma ba ruwan dokar Knox a ciki. Sau nawa labari ke ƙarewa da cewa tsohuwar gida ce mayya? Kullum gwauruwa, kullum marar gata. A Yulin 2020 aka yi wa Akua Denteh, mai shekara 90, dukan mutuwa a Kafaba kusa da Salaga a arewacin Ghana, don wata boka ta nuna ta. An ɗauka a waya, mutane na tsaye suna kallo. Har yau akwai matan da ke zaune a sansanin gudun hijira na garin Gambaga saboda irin wannan zargi. Yaran da ke karanta labaran nan a waya, da kakanni suke kwana ɗaki ɗaya.

Ɗaliba a KNUST: Wallahi Mama, nan ne nake bayan Baba Malam. A labarin maita ba a neman shaida, mafarki kaɗai ya isa a kama mutum. Mai bincike na ƙwarai shi ne zai tsaya ya tambaya, wa zai gaji gonar tsohuwar nan idan an kore ta?

Direban trotro: Hajiya, to a daina rubuta maita ke nan gaba ɗaya?

Hajiya mai atamfa: A'a ɗana, a rubuta. Amma a bi mai zargin har gida a ga me ya ci, kamar yadda ake bin wadda aka zarga.