Kibod mara waya guda ɗaya ga kwamfuta da waya da tablet, ya ake saita shi?

Ɗan Yelwa:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu ilimin kwamfuta ku agaza min. Ina da ɗan shagon buga takardu a Yelwa nan Bauchi, yawancin aikina furojet ɗin ɗaliban ATBU ne da 'yan Poli, to satin nan na shiga kasuwar Wunti na sayo wani kibod mara waya, ba na wani sanannen kamfani bane, kwalin ma duk rubutun China ne sai ɗan turanci a gefe, mai shagon dai ya ce min yana ɗaukar na'ura uku. A cikin wajen batir akwai wani ɗan mitsitsin abu na USB, sannan a layin sama akwai maɓallai uku masu alama, ɗaya an rubuta 2.4G, biyu kuma alamar Bluetooth ce da 1 da 2.

Abinda nake so shi ne ya yi min aiki a kwamfutar shago mai Windows 10, da wayata Android tunda ta WhatsApp yaran nan suke turo gyara, da kuma tablet ɗin uwargida da take rubuta darasi da shi. Amma wallahi abin ya ƙi min. Kwamfutar na duba setin ɗinta kaf ban ga ko inda aka rubuta Bluetooth ba, wayar ta haɗu lafiya lau sai da na haɗa tablet kawai wayar ta daina ji, na koma na haɗa wayar tablet ya fita, haka nake ta yi. Kuma ko ya haɗu in na danna @ sai ya fito min da " ni kuwa imel nake rubutawa kullum. Jabu aka sayar min ne in mayar, ko ni ne ban iya ba?

Mai Gyara Bolari:

Wa alaikumussalam Malam. Kar ka mayar tukuna, yadda ka bayyana shi lafiyarsa ƙalau. Daga Gombe nake, irin wannan ana kawo min shi sosai.

Abu na farko da za ka gane, ba wai yana rubutu a na'ura uku lokaci ɗaya bane, ɗakuna uku gare shi kuma kowane ɗaki mutum ɗaya yake ɗauka. Kai abinda kake yi duk a maɓallin Bluetooth mai lamba 1 kake ta haɗawa, kana danne maɓallin ka riƙe, shi kuwa duk sanda ka danne ka riƙe na kamar sakan 3 zuwa 5 wutar ta fara ƙyaftawa da sauri, to neman sabuwar na'ura yake, kuma da sabuwar ta shiga tsohuwar ta fita kenan. Dannawa sau ɗaya ka saki shi ne canza na'ura. Dannewa a riƙe shi ne sabon haɗi. Yawancin masu kawo min ƙara a nan suke maƙalewa.

Toh ga yadda za ka yi. Shiga Bluetooth ɗin wayar da na tablet ɗin ka goge sunan kibod ɗin a duka biyun, ka kashe Bluetooth na tablet tukuna kada ya yi maka shisshigi. Danne lamba 1 har ta fara ƙyaftawa, wasu sai ka haɗa da maɓallin Fn, ka zaɓi sunansa a waya. In ta nuna maka wasu lambobi to a kan kibod ɗin za ka buga su ka danna Enter, ba a kan waya ba, kuma ba za ka ga suna fitowa a ko'ina ba, kai dai buga. Ka gama da waya sai ka kunna na tablet ka danne lamba 2 ka maimaita.

Ita kwamfutar kuwa ba ta da Bluetooth ne kawai, da yawa daga cikin manyan kwamfutocin tebur ɗin nan na ofis haka suke zuwa, shi ya sa ba ka ga wajen ba. Ba ma ka buƙatarsa. Wannan ɗan abin da ka gani a wajen batir shi ne dongul, soka shi a USB ka danna 2.4G, ba setin ba komai. Ni a ganina ma ya fi Bluetooth daɗi a kwamfuta, don tun kana kunnawa yake aiki har a BIOS, wato setin da ake shiga kafin Windows ta tashi, Bluetooth kuwa galibi sai Windows ta gama tashi. Shawara ɗaya, kar ka soka shi a ramin USB mai launin shuɗi musamman kusa da filash ko hard disk da ke aiki, USB 3.0 yana damun siginar 2.4GHz, sai ka ga haruffa na tsallakewa ka ɗauka batir ne. Ramin gaba mai baƙi ya fi.

Kuma ka kula da dongul ɗin nan kamar kuɗi, a shago irin naka da kowa ke zuwa soka filash, wani zai zare shi ya ajiye ya ɓata, kuma na irin waɗannan kibod ɗin masu araha in ya ɓata ba kasafai ake samun wani da zai yi daidai da shi ba.

Malama Tumfure:

Yaya Ɗan Yelwa batun @ ɗin nan ba laifin kibod bane. Kibod ɗinka tsarin Amurka ne, @ na kan lamba 2, ita kuma na'urar an saita ta a tsarin Ingila, a can kuma Shift da 2 " yake bayarwa. A Windows ka danna maɓallin Windows da Space tare za ka ga jerin tsarin da ke ciki, ka zaɓi US, in babu shi ka ƙara a Time & Language. A waya kuma sai kibod ɗin yana haɗe sannan za ka samu Physical keyboard a cikin setin na harshe, wajen ya ɗan bambanta daga waya zuwa waya, gara ka rubuta sunan a akwatin bincike na setin kawai.

Tunda furojet kake bugawa nasan 'yan sashen Hausa za su zo maka da ƙ da ɗ da ɓ. Windows tana da tsarin Hausa nata, ka ƙara shi a wannan wajen da na faɗa, sai ka riƙe Alt na dama ka danna k ko d ko b ko y. Ƙananan kibod ɗin nan wasu ba su da Alt na dama, to Ctrl da Alt na hagu tare suna maye gurbinsa. Ni dai a Word na fi son AutoCorrect, na saita in na buga wata alama da k ya mayar min ƙ, hannuna ya saba.

Injiniya 07:

Oga ni da ka tambaya kafin ka saya da K380 na Logitech zan ce ka nema, shi ma na'ura uku ne, F1 F2 F3, batir AAA guda biyu irin na rimot, kamfanin ya ce suna kai shekara biyu. Waɗannan marasa sunan ni bana yarda dasu gsky.

Mai Gyara Bolari:

Injiniya K380 abu ne mai kyau ban musa ba, amma ka karanta tambayar kuwa? K380 na asali Bluetooth ne zalla babu dongul, shi kuma kwamfutarsa ba Bluetooth, kaga da sai ya sake kashe kuɗi ya sayi adaftar Bluetooth ta USB. Wanda ke hannunsa ya fi dacewa da shagonsa.

Ɗan Yelwa:

Kai Alhamdulillah, Allah ya saka da alheri Mai Gyara, Malama na gode ƙwarai. Na bi yadda kuka ce, kwamfuta na 2.4G, wayata na 1, tablet na 2, @ ma ya dawo daidai. Saura abu biyu, in na bar shi na ɗan jima ina fotokofi na dawo sai harafin farko ya ƙi fitowa, sannan a waya tunda na haɗa shi kibod ɗin kan allo ya daina fitowa ko na tashi daga teburin, ɗazu na so in amsa saƙo a bakin ƙofa abu ya gagara.

Mai Gyara Bolari:

Na farkon barci yake shiga don ya adana batir, ka taɓa Shift ko Ctrl ka jira kamar sakan biyu kafin ka fara rubutu, kar ka tashe shi da Enter a WhatsApp don zai iya tura rabin saƙo. Na biyun kuma wayar gani take har yanzu kibod na haɗe, Bluetooth yana kai kusan mita 10, bakin ƙofarka bai fita daga ciki ba. Kafin ka tashi ka mayar da shi 2.4G sai wayar ta saki, ko kuma a wancan Physical keyboard ɗin da Malama ta faɗa akwai wajen kunna kibod na allo ya dinga fitowa ko da na waje na haɗe. Da daddare in za ka rufe shago ka kashe shi ta ɗan makunnin da ke ƙasa ko gefe ka rufa masa ƙyalle, ƙurar hunturun nan ita ke sa maɓallai maƙalewa.

Malama Tumfure:

Yaya in uwargida za ta tafi da shi gida ta yi aiki da tablet, ka bar dongul ɗin a jikin kwamfutar, ita lamba 2 kawai za ta danna, kuma ka gaya mata dannawa ɗaya ce ta saki kar ta riƙe.