Neman kalmar Hausa: ƙarfen nan da ake bari a cikin jijiya, me za mu kira shi?

Jama'a, salamu alaikum. Akwai kalmar da ta tsaya mini a maƙogwaro tun watan jiya, ita ce sitent, sunan Turanci na ƙarfen nan da ake bari a cikin jijiya. Ga inda na tsaya a kanta, wanda ya fi ni sani ya gyara.

Kawuna na raka asibiti. Mai ciwon suga ne, kuma ya daɗe yana cewa in ya taka daga gida zuwa masallaci sai sha-raɓarsa ta ɗaure, ya tsaya ya dafa bango, ta saki, ya ci gaba. Mu duk mun ɗauka tsufa ne, har sai da miki ya fito masa a ɗan yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Likita ta ɗora yatsu biyu a bayan ƙafarsa tana neman bugun jini, ta koma gefen idon sawu, shiru. Aka auna ƙarfin jini a hannu, aka auna a idon sawu, aka yi lissafin rabawa, aka raba na ƙafa da na hannu. In abin da ya fito bai kai 0.9 ba, alama ce hanya ta tsuke. Nasa bai ko kusa ba. Bayan sikanin da hoto sai ta ce za a buɗe jijiyar cinya a sa sitent, ta dube ni in fassara.

Na ce, "Kawu, ƙarfe za su sa muku a jijiya." Ya janye ƙafarsa, ya ce, "Irin na masu karaya? Kuma wace jijiya, agara?"

Kun ga matsala ta farko ke nan. Jijiya a Hausa riga ce mai faɗi. Wadda ke kai jini jijiya ce, wadda ke mayar da shi jijiya ce, wadda ke kai saƙon ƙwaƙwalwa jijiya ce, wadda mahauci ke yankewa ya yar daga nama ita ma jijiya ce. Larabawa sun raba, suna da shiryan mai kai jini, suna da warid mai mayar da shi, kuma duk wanda ya yi karatun allo ya wuce ta kan warid a suratu Ƙaf, aya ta 16, inda malamai ke cewa jijiyar wuya. Mu sai mu ƙara jini mu ce jijiyar jini, amma har yanzu biyu ne a ciki.

Wani ya ba ni shawara a bi launi: jijiyar jan jini da jijiyar baƙin jini. Na yi dariya har da hawaye. Ka ce wa tsohuwa jijiyarta ta baƙin jini ta kumbura, ka ga in ba ta tafi neman taimako wajen malam ba. Ban da haka ma maganar ba ta tsaya ba, don jijiyar da ke fita daga zuciya zuwa huhu jini mai duhu take ɗauka. "Jijiyar kai jini" kuwa, kafin ka ƙarasa an riga an dafa kai. Ni dai na tsaya a jijiyar bugu da jijiyar komawa. Ta farko kowa zai iya taɓa ta a wuyan hannunsa yanzun nan ya ji.

To ga yadda aikin yake, don ba a raɗa wa yaro suna ba a ga fuskarsa ba. Ba a yanka. Ana kashe zafi a matse-matsi ko a wuyan hannu, a soka allura cikin jijiyar bugu, a zura siririyar waya ta cikin allurar, a zare allurar a bar wayar, sannan a bi kan wayar da siririn bututu. Wani likitan hoto ɗan ƙasar Suwidin, Sven-Ivar Seldinger, ya fito da wannan dabara a 1953, kuma har gobe ita ake bi. Sai a tura wani ruwa da ke fitowa baƙi a hoto, a ga jijiya kamar rassan bishiya a allo, a ga inda ta tsuke kamar an shaƙe mesa. A kai ƙaramin balan-balan wurin, a hura shi, ya danne maiƙon da ya taru ya manna shi da bango. In an ga bangon zai sake rufewa, sai a bar masa abin da zai riƙe shi. Wannan abin shi ne sitent: ƙaramin bututu ne saƙaƙƙe na lallausar waya, na zuciya faɗinsa milimita biyu zuwa huɗu ne, na cinya ya fi haka.

Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne, asalin kalmar ma a Turanci, a mafi rinjayen zance, ba wani abin a zo a gani ba ne. Sunan mutum ne. Charles Stent likitan haƙori ne a Landan, ya rasu a 1885, kuma abin da ya haɗa wani ƙullu ne na ɗaukar siffar haƙora. Bai taɓa sa wa kowa komai a jijiya ba. Wani likitan tiyata ɗan Holan, Jan Esser, ya ari ƙullun lokacin yaƙin duniya na farko yana riƙe fatar da ya dasa wa sojojin da fuskarsu ta lalace, daga nan sunan ya yi ta yawo har ya faɗa kan duk abin da ke riƙe wata kafa a buɗe. Saboda haka babu wata alfarma da za mu tsare mata. In mun samu tamu, mu ɗauka.

Shi kansa aikin ma a ƙafa ya fara, ba a zuciya ba. A watan Janairun 1964, a birnin Portland na Amurka, Charles Dotter ya buɗe jijiyar ƙafar wata tsohuwa mai shekara 82 da ta ce atafau ba za a yanke mata ƙafa ba, kuma ta koma tana takawa. Sai a 1977 Andreas Grüntzig ya hura balan-balan a jijiyar zuciya a Zurik, sannan a 1986 aka fara barin sitent a zuciyar mutum, a Tulus ta Faransa da Lozan ta Suwizalan. Da na ba Kawu labarin tsohuwar nan sai ya ce, "Ashe tana da taurin kai irin na gwaggonka."

Yanzu ga sunayen da aka kawo mini.

Ƙarfe na riga na gwada, na ga sakamako. Zobe gajere ne, kuma a waje ake sa shi, alhali wannan dogo ne kuma daga ciki yake turawa. Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce masu jin Faransanci sukan kira shi da sunan sifirin, kuma lallai in ka gan shi ya yi kama da sifirin ɗin cikin biro. Sai dai Bahaushe in ya ji sifirin, abu mai lotsawa yana tashi yake gani, na katifa ko na mota. Masu zuwa Masar jinya kuma sun dawo mana da di'ama, wato madogara. Tana da kyau, amma sai an sake fassara ta.

Raga ta fi su kama da siffarsa, na daɗe ina juya ta. Abin da ya sa ban bar ta ita kaɗai ba, aikin raga a wurinmu tarewa ne: ta tare kifi, ta tare ƙwallo, ta tare sauro. Kuma akwai wata na'ura daban da ake sawa a babbar jijiyar komawa ta ciki don ta tare gudan jini kada ya wuce huhu. Waccan ce ta cancanci a ce mata raga ko matata. In mun ba sitent sunan, me za mu ba ta?

Tokari kuwa aikin ya faɗa sak. Yadda ake tokare katangar da ta rusuna da damina, ko a tokare ƙofa kada iska ta mayar da ita. Kuma wanda ya ji tokari ya san ba a cire shi a zauna lafiya. Wannan shi ne abin da na fi so mara lafiya ya gane, don sitent zama yake yi har abada, naman jijiya ya bi ya lulluɓe shi a hankali, kuma kafin nan dole a riƙa shan maganin hana jini daskarewa, irin su asfirin da kilofidogirel. Wanda ya ga ƙafa ta yi sauƙi ya ajiye magani da kansa, jini na iya yin guda a kan wayar ya toshe ta. Aibin tokari ɗaya ne: muna kuma cewa mota ta tokare hanya, wato ta toshe. Shi ya sa na haɗa biyun na ce ragar tokari, a taƙaice tokarin jijiya. Raga ta nuna ana wucewa ta ciki, tokari ya nuna yana riƙe bango.

Wani roƙo gare ku masu fassara a rediyo: don Allah a daina cewa wankin jijiya. Na san daga wankin ƙoda aka kwaikwayo, amma a nan ba a wanke komai ba, maiƙon yana nan an dai danne shi, kuma in aka ci gaba da taba da sakaci da suga zai sake taruwa. A ce buɗa jijiya. Inda ake shiga a zaro gudan jinin da ya toshe hanya, kamar yadda ake yi wa wasu masu shanyewar ɓarin jiki, can ne za a iya aron maganar masu rijiya a ce yasar jijiya. Dukkan sana'ar kuma, wadda likitoci suke kira endobaskula, aikin cikin jijiya ya wadatar, ba sai an ce tiyata an tsorata mutane ba. Kawu idonsa biyu aka yi masa, washegari muka dawo gida da ɗan filasta a matse-matsi.

Na gwada masa ragar tokari, ya gyaɗa kai ya ce ba laifi. Amma jiya da 'yan dubiya suka zo, ina jin sa daga zaure yana ce musu, "Ai hanyar ce ta cushe, sai suka sa mini kwalbati a cinya." Kowa ya ce Allah ya ƙara sauƙi, babu wanda ya nemi ƙarin bayani. Malaman Hausa da ke nan, ku raba mu: tawa za a rubuta, ko ta Kawu?